Yadda ake karɓar allura lafiya, daga ɗakin jinya zuwa insulin na gida

A ɗakunan jinya da kantunan magani na garuruwanmu akwai wata magana da ma'aikatan lafiya suka saba ji daga bakin marasa lafiya, wato roƙon a yi musu allura domin wai ƙwaya ba ta kama jikinsu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa allura ce maganin gaske, har sukan fita daga asibiti ransu a ɓace idan likita ya sallame su da ƙwayoyi kaɗai, su zarce wurin mai kemis na unguwa ya huda su da abin da ya ga dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a duniya kowace shekara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan adadi allurai ne na magani, waɗanda da yawansu ƙwaya za ta iya yin aikinsu. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, allurar da aka yi ba tare da tsafta ba ta jawo wa mutanen da yawansu ya kai miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B, wasu 315,000 suka kamu da nau'in C, sannan wasu 33,800 suka kamu da ƙanjamau.

Duk da haka, akwai lokutan da babu abin da zai tsaya a madadin allura. Mutumin da yake amai ba zai iya riƙe ƙwaya a cikinsa ba, wanda ya suma ba zai iya haɗiya ba, akwai magungunan da ciki yake narkar da su kafin su kai jini, akwai kuma ciwon da ba ya ba da lokacin jiran ƙwaya ta narke. Abin da ya kamata mara lafiya da mai jinyarsa su sani shi ne lokacin da allura ta zama dole, da abin da za su sa ido a kai tun daga buɗe sirinji har zuwa zubar da shi.

Inda allura take shiga a jiki

Allurar da ta fi kusa da saman jiki ita ce wadda ake yi a cikin fata kanta. Ma'aikaci yakan kwantar da tsinin kusan daidai da fatar, ya tura ɗan ruwa kaɗan har wani ƙaramin tudu ya taso. Haka ake yi wa jarirai rigakafin tarin fuka na BCG a damtse, shi ya sa galibinmu muke da ɗan tabo a wurin.

Ƙasa da fata akwai kitse, kuma a nan ake yin allurar insulin ta masu ciwon sukari, da rigakafin ƙyanda da ake yi wa yaro a wata 9, da allurar tazarar haihuwa ta Sayana Press, wadda mata suke iya koyon yi wa kansu. Magani yakan shiga jini a hankali daga wannan wuri, saboda jijiyoyin jini ba su da yawa a cikin kitse.

Allurar tsoka ita ce wadda aka fi sani, ita ce ake yi a mazaunai ko cinya ko damtse, ana tsayar da tsinin a miƙe har ya wuce kitse. Rigakafin penta, mai kariya daga cututtuka biyar, da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 yana cikin wannan rukuni, haka ma allurar tazarar haihuwa ta Depo-Provera da ake maimaitawa duk bayan wata 3.

Sai allurar jijiyar jini, wadda take zuba magani kai tsaye cikin jini, ko da sirinji ko ta hanyar ƙarin ruwa. Ita ce mafi saurin aiki, kuma kuskure a cikinta ya fi na sauran tsanani, domin abin da ya riga ya shiga jini ba a iya janye shi. Akwai kuma allurar baya da ake yi wa mai haihuwa kafin tiyata don a kashe zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, wadda aikin ƙwararru ce a ɗakin tiyata. Kowane magani yana da hanyarsa da aka tsara masa, kuma shigar da shi ta wata hanyar na iya hana shi aiki ko ya ƙone nama ko ma ya yi kisa.

Mataki na farko: a tabbatar allurar ta zama dole

Kafin ka yarda a huda ka, tambayi sunan maganin da dalilin ba da shi, sannan ka tambaya ko akwai ƙwayar da za ta yi aiki iri ɗaya. Wannan tambaya haƙƙinka ce, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushinta ba.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya fi nuna yadda ake wuce gona da iri a wannan fanni. Idan gwaji ya nuna cutar, mara lafiya kuma yana iya ci da sha, maganinsa ƙwayoyi ne irin su Coartem, ana sha sau 6 cikin kwana 3, kuma suna kashe cutar sarai. Allura ta zama dole ne idan ciwon ya yi tsanani, wato yaro yana jijjiga, ko ya fita hayyacinsa, ko yana aman duk abin da aka ba shi, ko jininsa ya yi ƙasa sosai. A nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar allurar artesunate, ana yin ta nan take, a maimaita bayan awa 12, a sake idan awa 24 ta cika daga ta farko, sannan idan mara lafiya ya fara iya haɗiya a kammala da ƙwayoyin kwana 3. Al'adar yi wa duk mai zazzaɓi allurar artemether ta kwana 3 ba tare da gwaji ba, kuma ba tare da an bi ta da ƙwayoyi ba, ɓarna ce mai fuska biyu: tana iya ɓoye wani ciwo dabam kamar taifot ko sanƙarau, tana kuma taimaka wa ƙwayar cutar ta saba da maganin da muka fi dogara da shi.

A wannan mataki ne kuma za ka faɗi abin da ma'aikaci ba zai gani da idonsa ba. Idan wani magani ya taɓa fito maka da ƙuraje ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, musamman penisilin da danginsa, ka faɗa tun kafin a tambaye ka. Mace ta faɗi ko tana da juna biyu ko tana shayarwa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya bayyana, domin allurar kashe zafi irin diclofenac, wadda ake yi wa mutane barkatai saboda ciwon jiki, tana iya jawo zubar jini a ciki kuma tana wahalar da ƙoda. Wanda yake shan maganin tsinka jini shi ma ya faɗa, saboda allurar tsoka na iya tara masa jini a wurin.

Mataki na biyu: a duba kayan aiki da ido

Sirinji da tsininsa su fito daga sabuwar leda da aka yage a gabanka. Idan an ɗauko sirinji daga aljihu ko daga cikin kwano, ko ledar ta jiƙe ko ta riga ta huje, ka ƙi. Canza tsini kaɗai a bar tsohon sirinji bai wadatar ba, domin jini yakan koma cikin sirinjin ko da ido bai gan shi ba, kuma tafasawa a gida ko wankewa da sifirit ba sa mayar da sirinjin roba sabo. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan kaya. Saboda irin wannan haɗari ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a 2015 da a koma amfani da sirinjin da yake kulle kansa bayan an tura shi sau ɗaya, irin wanda masu rigakafin yara suke amfani da shi.

Ƙasar Masar ta ga abin da sakaci a nan yake haifarwa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi wa miliyoyin mutane a ƙauyukan bakin kogin Nilu allurar maganin tsargiya a jere, da sirinjin gilashi da ake sake amfani da shi ba tare da an tsaftace shi yadda ya kamata ba. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, amma sakamakon shi ne Masar ta zama cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon hanta nau'in C a duniya, kuma sai da ta yi gagarumin gwaji da magani na ƙasa baki ɗaya daga 2018 kafin ta shawo kan matsalar.

Bayan sirinji sai kwalbar magani. A karanta sunanta da ranar ƙarewar aikinta, a Najeriya kuma a duba lambar rajistar NAFDAC. Maganin da ya kamata ya zama garai amma ya yi duhu ko ya sauya launi, ba a amfani da shi. Idan gari ne da ake haɗawa da ruwa, sai da ruwan allura na cikin kwalbarsa da aka rufe, ba ruwan leda ko na famfo ba. Kwalbar da ake ɗiba wa mutane da yawa daga cikinta tana buƙatar sabon tsini da sabon sirinji a kowane ɗiba, kuma tsinin da aka bari a soke a murfinta yini guda ƙofa ce da aka buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Ma'aikaci ya wanke hannunsa da sabulu. Idan wurin da za a huda yana da datti a wanke shi, idan kuma an shafa sifirit a bar shi ya bushe na kimanin daƙiƙa 30, domin a lokacin bushewar ne yake kashe ƙwayoyin cuta. Audugar da aka jiƙa aka tara a gwangwani tun da safe ba ta da tsafta, ko da tana warin sifirit.

Mataki na uku: wurin da za a huda

A nan ne nake ganin ya kamata iyaye su fi tsayawa kai da fata. A cikin mazaunai akwai wata babbar jijiya ta ji da motsi wadda ta sauko daga ƙugu ta bi bayan cinya har zuwa tafin ƙafa. Idan tsini ya same ta, ko magani ya malala a kanta, ƙafar na iya mutuwa, yaro ya riƙa jan ta yana tafiya ba ya iya ɗaga yatsunsa sama, a wasu lokuta har abada. Akwai yaran da ake cewa shan inna ce ta same su alhali allurar zazzaɓi ce da aka yi musu a wurin da bai dace ba. Saboda haka jarirai da ƙananan yara ba a yi musu allura a mazaunai. Wurinsu shi ne gefen cinya ta waje, a tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙugu da gwiwa, inda tsoka take da kauri kuma babu babbar jijiya. Uwa ta rungume yaron a cinyarta, ta riƙe hannuwansa da ƙafar sosai don kada ya fizge, kuma idan jariri ne ba shi nono a lokacin yana rage masa zafi.

Ga babba, idan za a yi a mazaunai, ana raba ɓangare ɗaya gida huɗu a zuci, a huda a kason sama na waje, can kusa da ƙashin ƙugu. Gara mutum ya kwanta ko ya jingina ya saki ƙafarsa, domin tsokar da aka ɗaure ta fi jin zafi. Allurar da ake yi wa mutum a tsaye, ta saman wando da aka ɗan zame cikin gaggawa, ba ta ba ma'aikaci damar ganin inda yake hudawa. Idan ka ji wani zafi mai fizga ya sauka daga wurin zuwa ƙafa a lokacin da tsini ya shiga, ka yi magana nan take a zare shi kafin a tura maganin. A damtse kuwa ana auna yatsu 2 zuwa 3 ƙasa da ƙashin kafaɗa, kuma wurin ba ya ɗaukar magani mai yawa, shi ya sa aka fi yin rigakafi a nan.

Mataki na huɗu: bayan an zare tsini

A danna wurin da busasshiyar auduga na ɗan lokaci, ba tare da murzawa da ƙarfi ko shafa man zafi ba. Kada ka tashi ka tafi nan da nan. Zauna aƙalla minti 15, musamman idan karo na farko ke nan da aka yi maka wannan magani. Ƙaiƙayi a duk jiki, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, wahalar numfashi ko jiri mai tsanani alamu ne na cewa jiki ya ƙi maganin, kuma abin da yake ceton rai a nan shi ne allurar adrenalin cikin mintoci kaɗan. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin yarda a yi maka allura a wurin da babu wannan magani kuma babu wanda ya san yadda ake ba da shi.

Ɗan ciwo da tauri na kwana 1 ko 2 ba abin damuwa ba ne, haka ma ɗan zazzaɓin da yaro yakan yi bayan penta. Wurin BCG yakan yi ɗan ƙurji bayan wasu makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo, kuma ba a shafa masa komai. Amma kumburin da yake ƙaruwa bayan kwanaki, yana zafi yana ja, tare da zazzaɓi, alama ce ta mugunya ta taru a ciki, kuma asibiti ake komawa a buɗe shi da tsafta, kada a kai wa wanzami ko a matse shi a gida. Wanda aka sa wa ƙarin ruwa ya lura da hannunsa: idan ya kumbura ko ya yi ja ko yana raɗaɗi, ruwan ya fita daga jijiya, sai a kira nas. Masu jinya kuma kada su taɓa ɗan abin da yake daidaita gudun ruwan don ya ƙare da wuri, domin ruwa mai gudu da yawa yana iya cika huhun yaro ko na mai ciwon zuciya.

Allurar da mutum yake yi wa kansa: insulin

Tun da aka gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa mara lafiya a Janairun 1922, allura ce babbar hanyar ba da shi, saboda ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama. Mai ciwon sukari da likita ya ɗora a kan insulin zai riƙa yi wa kansa kullum, don haka ya kamata ya ƙware. Abin da ke tafe ƙari ne a kan koyarwar da nas za ta yi masa ido da ido, kuma adadin da zai ɗauka likita ne kaɗai yake yanke shi.

Abu na farko shi ne a tabbatar sirinji ya dace da kwalba. Akwai insulin mai ƙarfin U-100, akwai mai U-40, kuma kowanne yana da sirinjinsa. Wanda ya ɗebi U-100 da sirinjin U-40 zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, wanda hakan na iya sumar da shi. A karanta rubutun da ke jikin kwalba da na jikin sirinji a duk lokacin da aka sayo sabo, kuma kada a taɓa auna insulin da sirinjin allura na yau da kullum.

Bayan wanke hannu, a duba maganin. Insulin irin Actrapid da Lantus garai suke kamar ruwa, kuma idan suka yi hazo sun lalace. Irin su Mixtard da Insulatard kuwa farare ne, ana mirgina kwalbar a hankali tsakanin tafukan hannu har ta haɗu gaba ɗaya, ba a girgiza ta da ƙarfi saboda kumfa. A goge murfin roba da sifirit, a ja iska cikin sirinji daidai adadin da za a ɗiba, a soka a tura iskar cikin kwalba, a kifa kwalbar, a ja maganin. Idan akwai kumfar iska a ɗan ƙwanƙwasa sirinjin da yatsa ta hau sama, a tura ta ta koma, a sake duba adadin a inda haske yake. Wanda aka ce ya haɗa iri biyu a sirinji ɗaya ya fara ɗibar garai ɗin kafin fari. Mai amfani da alƙalamin insulin ya ɗaura sabon tsini, ya juya ma'aunin da ke jikinsa zuwa 2, ya danna tsinin yana kallon sama har ɗigo ya fito, sannan ya juya zuwa adadinsa.

Wuraren yi su ne ciki, a bar tazarar yatsu 2 daga cibiya, da gaban cinya da gefenta, da bayan damtse, da saman mazaunai. Ciki ne ya fi saurin kai magani jini. A tattaro fata da babban yatsa da manuni ba tare da an haɗa da tsoka ba, a soka tsinin a miƙe, a tura maganin duka, a ƙirga zuwa 10 kafin a zare, sannan a saki fatar. Ba a murza wurin. Kowace allura a matsa da ita aƙalla faɗin yatsa ɗaya daga ta baya. Mutane sukan so maimaita wuri ɗaya saboda ya daina zafi, amma wurin yakan tara kitse mai tauri wanda ba ya sakin magani daidai, sai sukari ya riƙa hawa da sauka ba tare da an gane dalili ba. A riƙa shafa wuraren da hannu ana neman irin wannan tudu, idan an same shi a bar shi ya huta, a kuma sanar da likita, domin komawa lafiyayyar fata na iya buƙatar rage adadi.

Ajiya ita ce babbar matsala a ƙasashenmu masu zafi da ƙarancin wuta. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wadda aka fara amfani da ita galibi tana yin kimanin mako 4 idan zafi bai wuce yadda takardar cikin kwalinta ta faɗa ba, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta. A watannin bazara ɗaki kansa yakan wuce wannan zafi, kuma wanda ba shi da firji zai iya amfani da dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. A sa kwalbar cikin leda ko roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Kada a bar insulin a cikin mota ko a aljihun da rana take duka.

Insulin irin Actrapid da Mixtard ana yin su ne kimanin minti 30 kafin cin abinci, kuma wanda ya yi allura dole ya ci. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da ruɗewa alamu ne na sukari ya faɗi, wato ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko 3.9 a na'urar da take amfani da ɗaya ma'aunin. A sha ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba, sannan a ci abinci. Mutanen gida su san waɗannan alamu, su kuma san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa a garzaya da shi asibiti. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani ta fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi in dai ba ta abinci ba ce. Amma ko mai insulin zai iya azumin ba tare da ya cutu ba, da yadda za a sauya masa adadi da lokaci, magana ce da zai yi da likitansa makonni kafin watan ya kama.

Zubar da tsini, da abin yi idan ya soki wani

A asibiti ana jefa sirinji da tsininsa nan take cikin akwatin kwali na musamman, ba tare da an mayar da murfi ba, domin wajen mayar da murfi ne ma'aikata suka fi soke kansu, kuma ana rufe akwatin idan ya kai kashi 3 cikin 4. A gida za a iya amfani da jarka mai kauri mai murfin murɗawa, a ajiye ta inda yara ba sa kaiwa, idan ta kusa cika a ɗaure ta a kai asibiti a ƙone. Jefa tsini a bola haɗari ne ga yara da masu tsintar robobi da dabbobi.

Idan tsinin da aka yi wa wani amfani da shi ya soki mutum, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, kada ya matse ko ya tsotsa ko ya zuba bilic. Daga nan ya tafi asibiti a ranar, domin akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha na kwana 28, wanda dole a fara shi kafin awa 72 su cika, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awannin farko. Za a kuma duba ko ya taɓa yin rigakafin ciwon hanta nau'in B, domin wannan cuta ta fi ƙanjamau saurin kamawa ta hanyar tsini nesa ba kusa ba, kuma wanda bai yi ba za a fara masa a take. Ciwon hanta nau'in C ba shi da rigakafi, don haka za a ba shi ranakun dawowa gwaji, kuma idan ya bayyana akwai ƙwayoyin da suke warkar da shi cikin mako 12 ga mafi yawan mutane.